Littafin Baƙi a Kan Kanta

A da bafatake gidan fatoma yake sauka, fatoman ne kuma shaidarsa. Yau otal ya gaji wannan aiki. Uban da ya kai 'yarsa Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, dare ya riske shi a Dutse, littafin baƙi za a miƙo masa. Wasu sunan bogi suke rubutawa. Ban goyi bayansu ba, domin in ciwo ya kayar da mutum a ɗaki, wa za a kira? Amma tsoronsu na da tushe. A otal da dama littafin a buɗe yake a kan kanta, ga suna, ga lambar waya, kowa ya shigo ya leƙa. A wannan zamani na garkuwa da mutane, masu otal, ku kulle littafin a durowa.