Hasken da ke karanta faifai

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Hausa a faifan CD ya san wannan: ka ɗaga faifan, sai ka ga sumul yake kamar madubi. To, ina fim ɗin yake?

Yana nan cikin wasu ƙananan ramuka da ido ba ya iya gani, an jera su a layi ɗaya mai kewayawa tun daga tsakiyar faifan har bakinsa. A CD, tsawon layin ya haura kilomita 5. Na'urar kunna faifan na harba siririn hasken leza a kan layin, hasken ya dawo. A kan ramuka yakan dawo da rauni, a fili kuma da ƙarfi. Wannan bambancin ne ake mayarwa lambobi, lambobin su zama murya da hoto. Babu allurar da ke taɓa faifan kamar ta garmaho.

Sirrin yawan abin da faifai ke ɗauka kuwa yana ga launin hasken. CD na Sony da Philips, wanda ya fito a 1982, yana ɗaukar megabait 700. DVD mai jan haske ya kai gigabait 4.7. Blu-ray na 2006 ya zo da haske mai ruwan shuni, wanda bakinsa ya fi tsini, sai aka ƙanƙance ramukan aka matse su: gigabait 25 a shimfiɗa ɗaya.

Da yake layin ramukan kewaye yake bi, mai tsohon faifai, in za ka goge shi, ka sa ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada ka bi kewaye.