Ɗan sanda ya koyi harshenka, ko kai ka koyi nasa?

Ina gaida makiyayan da ke ruga, da 'yan albasa da suka taso daga Galmi suka kwana a Paga suna jiran a buɗe ƙofa, da direbobi da yaran mota. Ina muku magana ne daga Ashanti New Town, wadda muke ce wa Ashtown, nan Kumasi, kusa da fadar Manhyia.

Yau zancenmu a kan harshe ne tsakanin ɗan sanda da baƙo. Abin da ya tayar mini da shi wani labari ne na Amurka. A can akwai 'yan sanda da aikinsu a cikin makarantu yake, tsarin da aka fara a garin Flint na jihar Michigan tun shekarun 1950. To ƙasar tana da mutum sama da miliyan 40 da Sifaniyanci suke yi a gidajensu, akasari 'yan asalin Meziko da maƙwabtanta. Yaro ya yi faɗa a makaranta, a kira uwarsa, ta zo ba ta jin Turanci, ɗan sanda ba ya jin nata. Shi ya sa a wurare da yawa ake shirya wa 'yan sandan darasin Sifaniyanci na 'yan koyo: gaisuwa, tambayar suna, "kwantar da hankalinki", "ɗanki lafiya lau yake". Da na ji haka sai na ce, ai mu nan Kumasi mun riga su sanin wannan matsala, kuma kakanninmu sun ga lokacin da hukuma da kanta take koyon Hausa.

Bari in koma baya kaɗan. A 1863 wani Bature, Kyaftin Glover, ya kafa rundunar Hausawa a Legas. Da Turawan Ingila suka zo yaƙar Asante a 1873 zuwa 1874, an kawo dakarun nan. A 1879 aka kafa rundunar 'yan sanda masu bindiga ta Gwalkwas, wato Ghana ta yau, wadda mutane suka fi sani da sunan rundunar Hausawa, ko da yake akwai Mosawa da Zabarmawa da Gurunsawa da sauransu a ciki. Abin da ya haɗa su shi ne harshe. Da Hausa ake ba da umarni, kuma hafsan Bature sai ya zauna ya koye ta, ya yi jarrabawa. Taken sojojin Gwalkwas ma da Hausa yake: Kullum Shiri. Bayan Turawa sun kama Asantehene Prempeh na ɗaya a 1896, sun gina barikin da ke tsakiyar Kumasi, tsofaffin sojoji da fataken goro da suka watse daga Salaga bayan yaƙin basasar 1892 suka yi ta sauka nan. Zangonmu daga nan ya bunƙasa.

Amma kada mu yi wa tarihin nan kwalliya. Kun san sunan da mutanen ƙasa suka laƙaba wa waɗancan 'yan sanda? Buga-buga. Kalmarmu ce, daga duka. Hausar da Tonawa suka fara ji daga bakin hukuma ta umarni ce da kulki: tsaya, zauna, kawo, tafi. Wannan darasi ne ga duk mai son koya wa ɗan sanda harshe a yau. In ka koya masa kalmomin tsawa kaɗai, kulki na biyu ka ba shi.

Yanzu lamari ya juya. Ɗan sandan da za ka tarar a shingen hanyar Techiman ko Kintampo yawanci Turanci da Twi yake ji. Wanda ya tashi a zango ko a arewa yana jin Hausa, amma ba kowa ba. Ga shi kuma ƙasashe uku da suka kewaye Ghana, Kodebuwa da Burkina Faso da Togo, duk takardunsu da Faransanci suke. Takardar rigakafin shanunka da Faransanci, takardar duwan ta albasarka da Faransanci, takardar kiwon ƙetare da ECOWAS ta fito da ita a 1998 ma, in a Burkina aka cika maka, da Faransanci. Kai kana jin Fulatanci ko Zabarmanci da Hausa, takardarka tana Faransanci, mai duba ta yana Turanci. Harsuna uku ko huɗu a kan kaya guda, rana tana yi, albasa tana ruɓewa. Tun da Nijar da Burkina da Mali suka fice daga ECOWAS a 29 ga Janairun 2025, tambayoyi a kan takardu sun ƙaru, ko da yake ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutane da kaya suna wucewa.

Zan ba ku abin da na gani da idona. Wata rana aka aiko a kira ni wani ofishin 'yan sanda, ba zan faɗi wanne ba, in yi wa wani saurayi Bafulatani tafinta. An same shi da karsana da ba tasa ba a cikin shanun da ya kawo kara. Kafin in iso, wani jami'i mai 'yar Hausar kasuwa ya riga ya yi masa tambayoyi. Yaron ya ce: "Na ɗauka tawa ce." Jami'in ya san "ɗauka", ya san "na". Sai ya rubuta cewa yaron ya amsa ya ɗauki saniyar. Ku da kuke jina kun san abin da yaron yake nufi: ya yi zaton tasa ce, ta shiga garkensa a hanya, kuma ta yi kama da tasa. Tsakanin "na ɗauka" na zato da "na ɗauka" na sata akwai shekaru a gidan yari. Jami'in nan ba mugu ba ne. Abin da ya sani ya rubuta. Da muka zauna muka warware, aka kira mai karsana, aka duba shaidar da ke jikinta, aka sasanta. Da yaron ya dangwala yatsa kafin in zo, da labarin ya bambanta.

Haka kalmar "to". Mu a wurinmu in babba yana magana ka ce "to", ladabi ne, ka ji ne kawai. Makiyayi kuma ya sunkuyar da kai, ba ya haɗa ido da mai mulki, don haka aka tarbiyyantar da shi. Wanda bai san mu ba sai ya ga mutum yana ta cewa "to, to" yana kallon ƙasa, ya ce ai ya amsa laifi, ga shi ma kunya ta kama shi.

'Yan kasuwa, ku ma ga naku. Mutumin Maraɗi in ya ce "dubu", sefa 5,000 yake nufi, don da dala yake ƙirga, dala guda kuwa sefa 5 ce. In ya ce "jaka", sefa 1,000 ke nan. Nan Ghana kuma tun da aka canja kuɗi a 2007, aka mai da tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi 1, har yau akwai masu ce wa sidi 100 "miliyan". To a ce an yi maka sata a Kejetia, ka je ka kai ƙara. Ka ce an ɗauke maka dubu ɗari. Na wace ƙasa? Da wane lissafi? In mai rubutawa bai tambaya ba, abin da zai shiga takarda daban, abin da ya fita daga aljihunka daban.

Saboda haka ni ina goyon bayan a koya wa 'yan sanda da jami'an shige da fice harsunanmu, amma a san me za a koya musu da inda iyakarsa take. Wurin koyo akwai. Cibiyar koyar da harsuna ta Ghana, wadda aka kafa a 1961 zamanin Kwame Nkrumah, tana da reshe a Kumasi. Ghana kuma ta zama cikakkiyar mamba a ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2024. Malaman Hausa da Fulatanci kuwa, ai ga mu nan birjik a Aboabo da Asawase da Sabon Zango. Da ni za a tambaya, darasin farko gaisuwa ce. Jami'in da ya ce wa makiyayi "jam waali", ko ya ce wa direba "sannu da hanya, ya gajiya", ya rage rabin tsoron da ke sa mutum ya ruɗe ko ya ruga a guje. Na biyu ƙirga da sunayen kuɗi. Na uku tambayar lafiya: ka ji ciwo? akwai wanda za mu kira maka? Na huɗu, wanda ya fi duka, jimla guda: "Dakata, zan nemo maka tafinta." Hausar wata uku ta isa a tsayar da mota a sallame ta cikin mutunci. Ba ta isa a ɗauki bayanin mutumin da ake tuhuma ba.

Mu dawo kan makaranta, inda muka faro. A unguwanninmu 'yan sanda suna shiga makarantu lokacin jarrabawa, ko su zo jan kunne a kan tiramol da sauran ƙwayoyi, ko in faɗa ya tashi tsakanin samari. Yaran zango suna jin Hausa da Twi da Turanci, harshe bai dame su ba. Iyayen da suka zo kwanan nan daga Nijar ko Burkina su ne a duhu. Sai ka ga an kira uba, an tsayar da ɗansa mai shekara 12 ya yi masa tafinta a kan laifin da shi yaron ake zargi da shi. Jama'a, wane yaro ne zai fassara wa ubansa maganar da za ta jawo masa bulala? Ko zai iya fassara kalmar shari'a da shi kansa bai taɓa ji ba? Ko a kan laifin uban ne ma, bai dace ɗa ya ji sirrin mahaifinsa a gaban hukuma ba. A nemi babba: limami, malamin makaranta, ko wakilin Sarkin Zango.

Kafin hukuma ta koyi harshenku, ga abin da doka ta riga ta ba ku, ku riƙe shi da kyau. Tsarin mulkin Ghana na 1992, sashe na 14, ya ce duk wanda aka kama sai an gaya masa nan take dalilin kamun, da haƙƙinsa na neman lauya, cikin harshen da yake ji. Bai ce ɗan ƙasa kaɗai ba, mutum ya ce. Sashen ya kuma ce in ba a sake shi ba, a kai shi kotu cikin awa 48, kuma a 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa Asabar da Lahadi da ranakun hutu duk suna cikin lissafin. Sashe na 19 ya ce in ba ka jin harshen da ake shari'a da shi, a ba ka tafinta ba tare da ka biya ko kwabo ba. Dokar shaida ta 1975, sashe na 120, ta ce in mutum yana tsare ya amsa laifi a takarda, sai da wani shaida na daban a wurin, wanda yake jin harshen wanda ake tuhuma, yake kuma iya karanta abin da aka rubuta, ya tabbatar an karanta masa ya gane.

To ku yi mini alkawarin abu uku. Na ɗaya, kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka da harshenka ba, ko an ce maka ai ba komai, sa ka tafi gida. Na biyu, in ba ka gane ba kada ka ce "to". Ka ce ba ka gane ba. Da Twi ana cewa "Mepa wo kyɛw, mente aseɛ", wato don Allah ban gane ba. Ka maimaita ta a hanya har ta zauna a bakinka. Na uku, kafin ka baro gida ka riƙe lambar mutum guda a garin da za ka: maigidanka a kara, dillalinka, ko shugaban ƙungiyarku. Ka rubuta ta a takarda ka sa a aljihu, don waya tana iya mutuwa ko a karɓe ta.

Ku kuma manyanmu na zango da ardo-ardo, aiki gare ku. Kowace unguwa ta fitar da mutum biyu ko uku amintattu, masu jin Fulatanci, Zabarmanci, Mosanci da Faransanci, a kai sunayensu ofishin 'yan sanda mafi kusa, a ce ga waɗanda za a kira ko da tsakar dare ne. A zaɓi masu riƙon amana, don tafinta maƙaryaci ya fi rashin tafinta illa. Samarinmu da suka gama sakandare kuma mu daina hana su shiga aikin ɗan sanda. Yaron Ashtown mai harshe uku a bakinsa, in ya tsaya a shinge, ba ya bukatar darasin kowa.

'Yan sandan da ke sauraronmu, na san akwai ku, muna gaishe ku da aiki. Gobe in motar shanu ta tsaya a gabanku, ku fara da sannu, ku ga yadda fuskar mutumin za ta sake.

Nan zan dakata. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali a Paga, Hamile, Aflao ko Elubo, ya aiko mana da labarinsa, ba sai ya faɗi sunansa ba, za mu karanta a shiri na gaba. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare dukiya, ya raba mu da sharrin abin da ba mu sani ba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.