Mu Adana Tarihin Iyayenmu Tun Masu Ba da Labari Suna da Rai



Maganar da aka ba ni in yi ita ce yadda za mu yi amfani da waya da kwamfuta mu tara tarihin iyayenmu da kakanninmu. A gidajenmu da yawa akwai tsohon hoto cikin adaka ko a jikin bango, amma in aka tambayi yaran gidan wane ne wannan, sai su ce wani kakanmu ne. Ranar da tsohuwar da ta san sunansa ta rasu, hoton ya zama takarda kawai. Don haka abin da nake so mu tafi gida da shi ke nan: hoto ba ya zama tarihi sai an haɗa shi da suna, da gari, da shekara, da bakin wanda ya san labarin.

Ku dubi labarin Gimi. Wajen 1914 mishan ɗin CMS, wanda Likita Miller ya kafa a birnin Zariya tun 1905, ya tara waɗansu iyalai daga cikin Isawa suka zauna a Gimi. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa musu, mutane da yawa suka mutu, waɗanda suka ragu aka komar da su Zariya, daga baya kuma mishan ya koma Wusasa a 1929. Wasiƙun da Turawan mishan suka rubuta suna nan ajiye a Jami'ar Birmingham a Ingila, rahotannin jami'an mulkin Turawa kuma suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna. Amma abin da idonsu ya gani suka rubuta. Wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wace gona aka sara, wannan yana bakin tsofaffinmu ne.

Ga kuma misalin abin da rubutu yake yi. A 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, a Giwa da Zariya, tana rubuta labarin rayuwarta da Hausa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, har yau kuwa ana karanta shi a jami'o'in duniya. Da alƙalami da takarda aka yi wannan aiki. Wayar da ke aljihun ɗanku tana iya ɗaukar murya da fuska gaba ɗaya.

To, ta ina za mu fara? Abu na fari, a fara da masu rai. Hoto zai jira, tsoho ba zai jira ba. A je wurin kaka, ko goggo, ko baffa, a gaishe su yadda ya kamata, a nemi izini, sa'an nan a kunna waya. Wanda yake ɗauka ya fara faɗin kwanan wata, da garin, da sunan mai magana. A tambayi sunayen iyaye da kakanni iyakar inda aka tuna, daga ina suka taso, me ya tashe su, wace sana'a suka yi, noman rake ne ko ƙira ko farauta, wane zane ne a fuskarsu, mene ne kirarin gidan. Kada a katse tsoho, kada kuma a gajishe shi. Rabin sa'a yau, rabin sa'a gobe ya fi. Mata su tafi wurin mata, gama akwai abin da iyayenmu mata ba za su faɗa gaban maza ba, su ne kuma suka fi riƙe lissafin aure da haihuwa.

Abu na biyu, shekaru. Tsofaffinmu ba su lissafi da kalanda, amma sun san zamanin da abu ya faru. In suka ce zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, tsakanin 1937 da 1959 ke nan. In suka ce shekarar zuwan Sarauniya Kaduna, 1956. Yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970. Canjin hannu a tuƙin mota, 1972. Canjin kuɗi daga fam zuwa naira, 1973. Fara makarantar UPE, 1976. In ba a tabbatar ba, a rubuta "wajen shekara kaza", kada a ƙaga.

Abu na uku, hotuna da takardu. A fitar da tsohon hoto a inuwa da rana, a shimfiɗa shi, a ɗauka ba tare da fitilar waya ba, a ɗauki bayansa kuma, domin sau da yawa nan ne sunan mai hoto da shekara suke. Haka za a yi wa katin baftisma, takardar aure, rasit ɗin haraji, takardar gona, da shafin farko na Littafi Mai Tsarki inda iyayenmu sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'ya. Kowane hoto a ba shi suna a cikin wayar: sunan mutum, gari, shekara. Ga matasa kuma gargaɗi: manhajojin nan masu sa wa tsohon hoto launi suna sake wa mutum kamanni. In kun yi, ku ajiye na ainihin dabam. Dattawa, littattafan baftisma da na aure da ke ofishin ikkilisiya su ma a ɗauke su shafi-shafi. Mun san gara da ɗigon ruwa, mun kuma tuna majami'un da aka ƙone a Zariya da kewaye a watan Maris 1987.

Abu na huɗu, ajiya. Waya tana ɓata, memori yana lalacewa. A ajiye a wuri uku: a kwamfuta ko filash a gida, wani filash ɗin a hannun ɗan'uwa a wani gari, sa'an nan a intanet, inda Google Drive yake ba da wurin ajiya kyauta har giga 15. In za a tura hoto ta WhatsApp, a tura shi a matsayin takarda, in ba haka ba yakan rage masa kyau. Bayan wannan a buga muhimman hotunan a takarda, a manna cikin littafi, a rubuta bayani a ƙarƙashi, domin tsohon da ba shi da waya shi ma ya gani ya gyara.

Abu na ƙarshe, gaskiya da amana. Yawancinmu kakanninmu addinin gargajiya suka bi, muna kuma da 'yan'uwa na jini Musulmi, wani lokaci uwa ɗaya uba ɗaya. Kada a share kowa daga lissafin zuriya. A je wurinsu su ma, gama wani reshen labarin yana hannunsu, zumunci kuma a ƙafa yake. Wannan lissafi zai taimaki jikokinmu ranar da ake neman shaidar asali a ƙaramar hukuma, ko ranar da maganar gādon gona ta tashi. Amma ba kowane abu ake bazawa a Facebook ba. Takardar gona da sirrin gida su tsaya cikin iyali, abin da tsoho ya ce kada a faɗa kuwa a riƙe masa amana.

Ina roƙon kowace ikkilisiya ta zaɓi dattijo ɗaya, da uwa ɗaya daga Zumuntar Mata, da matasa biyu masu iya waya. Su rubuta sunayen tsofaffi biyar da suka fi kowa shekaru, su fara da su kafin damina ta faɗi aikin gona ya ɗauke hankalin kowa.

 Ubangiji ya ja kwanan iyayenmu, ya kai kowa gida lafiya. Amin.