Littafi a Hannun Ɗalibin Jami'a: Jawabi a Taron Reshe

Shugaban reshe, iyayenmu tsofaffin malamai, abokan aiki daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa.

Da yawa daga cikinmu muna da 'ya'ya ko ƙanne a Jami'ar Bayero, ko a Wudil, ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Idan an biya kuɗin rajista sai mu ɗauka nauyi ya sauka, alhali saura littafi. Yaron zai isa aji a ba shi sunayen littattafai, kuma mafi yawan na likitanci da injiniya da kimiyya a waje ake buga su, da dala ake shigo da su. Kafin a saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ɗaya a farashin gwamnati kusan naira 460 take. A 2024 ta haura 1,500. Ku ɗora wannan a kan albashin malamin firamare.

To, yaya yaran suke yi? Wasu suna jira a laburare, kamar na Kashim Ibrahim a Zariya, inda kwafi kaɗan ke zagaya aji guda, wanda ya riga zuwa shi ne da rabo. Wasu su haɗa kuɗi su yi fotokwafin babi biyu ko uku, sauran littafin kuwa ba su taɓa ganinsa ba. Akwai mai gadar tsohon littafi daga wanda ya gabace shi. Hanyar da ta fi yaɗuwa yanzu ita ce waya: ɗalibi ɗaya ya samo littafi a intanet, ya tura wa 'yan ajinsu ta WhatsApp. Wannan taimako ne, ban musa ba. Amma shafi 600 a fuskar ƙaramar waya, ga kuɗin data, ga neman wurin caji idan yaro ya dawo hutu ƙauye, ba abu ne mai sauƙi ba. Ƙarshenta sai ya koma ga handawut, ya haddace, ya ci jarrabawa, ya manta. Irin wannan ɗalibi ne gobe za a turo mana aji ya koyar.

Rancen NELFUND da aka buɗe a 2024 yana biyan kuɗin makaranta, yana kuma ba da naira 20,000 a wata. Abinci da mota kan cinye su kafin a zo kan littafi.

Shawarata ga reshe guda biyu ce. Mu ware kabad a ofishinmu, duk malamin da ɗansa ya gama ya kawo littattafansa, a rubuta a rajista, a riƙa ba da aro na zango guda. Sannan mu sanar da yaranmu cewa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, tana sanya kayan karatunta kyauta a intanet. Ina roƙon shugaba ya naɗa mutum uku su kawo tsarin aron a taro mai zuwa.