Wa Muke Ɗauka Ya Karanta Hulɗar Ƙasa da Ƙasa?

Mai girma shugaban taro, shugabannin tsangayoyi da na sassa, malamai 'yan'uwana, iyayen yara da suka samu zuwa, da ku ɗalibai. Lokacin da aka ba ni ba shi da yawa, don haka a yi mini afuwa, gaisuwa ta tsaya nan.

An nemi in yi magana a kan yadda yaro zai samu gurbin karatun hulɗar ƙasa da ƙasa a jami'a, ganin irin rububin da ake yi wa kwas ɗin. Na san abin da ake jira in faɗa: a dage da karatu, a ci JAMB, a cike fom da kyau. Duk gaskiya ne. Amma ƙorafina yau a kanmu yake, mu masu zaɓen. Ma'aunin da muke tantance yaran nan da shi bai taɓa abin da aikin yake bukata ba, kuma na sha faɗin haka a zaman kwamitin ɗaukar ɗalibai har wasu abokan aikina sun gaji da jin muryata.

Tsarin ba baƙo ba ne ga kowa a ɗakin nan. Darussa huɗu, maki 400, Turanci dole. A 2024 an saki sakamakon sama da mutum miliyan 1.8, kuma kusan uku cikin kowane huɗu ba su kai maki 200 ba. Jami'o'in tarayya na raba gurabensu kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da su, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi. Sannan ga ƙa'idar 60 da 40 da ta fifita kimiyya a kan sauran fannoni. Idan aka gama wannan rabo, abin da ya rage wa sashe irin namu bai taka kara ya karya ba, masu nema kuwa dubbai. Sai a ɗaga makin shiga, a ja layi, a ce an yi adalci. Ana yin haka ne domin shi ya fi sauƙi, kuma babu uban da zai zo ofis ya yi maka gardama da lamba.

To me lambar take gaya mana? Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu a gaban kwamfuta, yaro na zaɓen amsa ɗaya daga cikin waɗanda aka jera masa. Wanda ya samu 270 ya yi ƙoƙari, ba na raina shi. Sai dai ban san ko zai iya rubuta shafi guda mai ma'ana ba, ban kuma san ko yana jin wani harshe bayan Turanci da na gidansu ba. Wannan na biyun shi ne abin da ya kawo ni.

A ɗauko taswira. Ƙasashe huɗu muke iyaka da su ta tudu: Binin, Nijar, Chadi da Kamaru. A cikinsu babu inda aikin gwamnati ba ya bi ta Faransanci. Chadi ta haɗa shi da Larabci a matsayin harsunan hukuma. Kamaru ta haɗa shi da Turanci, amma duk wanda ya je Garwa ko Marwa ya san Fulatanci da Faransanci ne ke ci a can. Nijar kuwa a 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci harshen aiki. Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, hedikwatarta na Injamena. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar, ta 1971, tana Yamai. Iyakarmu da Nijar kaɗai ta kai kimanin kilomita 1,500, ta ratsa jihohi bakwai tun daga Kebbi har Borno. Nan ne hulɗar ƙasa da ƙasa ta Najeriya take kwana take tashi. Amma a galibin jami'o'inmu yaro zai shiga wannan kwas, ya shekara huɗu, ya fita da digiri mai kyau, bai iya karanta wasiƙa ɗaya daga Yamai ba.

Idan ana son hujja, ba sai an yi nisa ba. Ranar 26 ga Yuli, 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar. ECOWAS ta yi barazanar amfani da ƙarfi, aka rufe iyaka, aka yanke wa Nijar wutar lantarki, kasuwanci ya tsaya cik a Illela da Jibiya da Maigatari. Tawagar da aka tura, ta Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi, ta dawo ba ta ga Janar Tiani, jagoran juyin mulkin, ba. Wa ya fara ganinsa daga ɓangarenmu? Muhammadu Sanusi II, tare da Sarkin Damagaram. Bayansa sai tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau. Mutane ne da za su iya zama da shi su yi magana da Hausa ba tafinta a tsakani, sun kuma san yadda ake shiga gidan mutum a wannan yanki. A Disambar 2024, da Tiani ya tashi zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa, da Hausa ya yi a gidan talabijin ɗin ƙasarsa, shi kuma Nuhu Ribadu ya mayar da martani ta Sashen Hausa na BBC. Wato rikici mafi girma da muka yi da maƙwabciyarmu a 'yan shekarun nan, wani babban ɓangarensa da Hausa aka yi shi, takardunsa kuma da Faransanci. Ƙarshenta Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ina tambayar 'yan'uwana malamai: cikin ɗaliban da muka yaye a shekarun nan, nawa ne za su iya sauraron waccan hira, su karanta sanarwar da ta biyo bayanta da Faransanci, su rubuta wa minista taƙaitaccen bayani kafin la'asar?

Abin takaicin shi ne yaran da za su iya suna nan, mu ne muke korarsu. Yaron da ya tashi a Kamba ko Gamborun Ngala, yana jin Hausa da Zabarmanci, ko Barbarci da Larabcin Shuwa, ya yi Islamiyya har yana karanta littafi da Larabci, ya samu 215. Layinmu ya yanke shi. Sai a tura shi wani kwas da bai nema ba, ya tafi yana ganin ya faɗi. A ɗaya gefen kuma, sassan Faransanci da na Larabci da na harsunan Najeriya su ne muka mayar wurin zuba waɗanda suka rasa gurbi a wasu wurare, suna zaune a aji suna ƙirga kwanakin canza sashe. Mun raba harshe da siyasar duniya, kowanne da ginin ofishinsa, kamar ba abu ɗaya suke yi wa hidima ba. JAMB kanta tana da jarrabawar Faransanci da ta Larabci da ta Hausa. Ba ita ta hana mu nemansu ba. Majalisar kowace jami'a ce ke tsara darussan da take so, mu ne ba mu so.

Kuma wannan ƙasa ba yau ta fara aikin jakadanci ba. Tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suke da masaukin ɗalibai da alhazai a Alƙahira. Mai Idris Alooma ya yi hulɗa da Daular Usmaniyya a ƙarni na 16. Muhawarar Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi a kan halaccin jihadi da wasiƙun Larabci aka yi ta, Bello ya adana wasu a Infaƙul Maisuri. Ɗalibinmu zai ba ka labarin yarjejeniyar Westphalia ta 1648 a haddace, waɗannan wasiƙu kuwa ko a fassara bai gansu ba.

Na san amsoshin da ake ba ni. Ana cewa babu malaman Faransanci a sakandaren gwamnati, don haka sharaɗin zai cuci ɗan talaka. Tun 1996 Janar Abacha ya ce Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu, ga Ƙauyen Faransanci a Badagry tun 1991, ga takwaransa na Larabci da aka kafa a Ngala. Idan bayan shekara kusan talatin har yanzu babu malamai, laifin ba na yaro ba ne. Ban da haka, ni ban ce Faransanci kaɗai ba, kuma ɗan talakan Arewa ya fi ɗan mai kuɗin Abuja yawan harsuna a baki. Wasu kuma na cewa yanzu waya ma tana fassara. Wanda ya taɓa zaman sulhu ko na gona ne ya san ba a yin sa ta waya. Na bar wannan a nan.

Iyaye, bari in juyo gare ku. Da yawanku kuna tura yara wannan kwas ne da tunanin za su zama jakadu. Ofisoshin jakadancin Najeriya a duniya sun ɗan haura ɗari ne kawai, kuma wani kaso na jakadun 'yan siyasa ne da ba su taɓa aiki a Ma'aikatar Harkokin Waje ba. A Satumbar 2023 ma an kira dukkan jakadu gida, aka daɗe ba a maye gurbinsu ba. Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, wanda ya shugabanci Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019, kimiyyar siyasa ya karanta a Zariya. Amina Mohammed ba ta ƙofar wannan digiri ta zama mataimakiyar Sakatare Janar ba. Aikin da ke jiran mafi yawan ɗalibanmu yana hukumomin agaji, da kwastan da shige da fice, da gidajen jarida, da kamfanonin da ke fatauci tsakanin Kano da Maraɗi da Kwatano. A duk waɗannan wurare, tambayar farko bayan an duba takarda ita ce wane harshe kake ji.

Ga ɗalibin da ya ƙudurta sai wannan kwas, shawarata gajeriya ce. Ka duba ƙa'idar jami'ar da kake so tun kafin ka sayi fom, domin darussan da ake nema sun bambanta daga wata zuwa wata, kuma yara da dama a nan suke faɗuwa tun ba a duba makinsu ba. Ka san ko jiharka na cikin yankin jami'ar. Idan an ba ka Faransanci ko Larabci ko tarihi a madadinsa, ka karɓa hannu bibbiyu, ka yi digiri na biyu a hulɗar ƙasa da ƙasa. A ganina wannan hanyar ta fi wadda ka rasa.

Abin da nake nema daga sassanmu ba sabo ba ne, na daɗe ina nemansa. A jarrabawar tantancewa da jami'a ke yi bayan JAMB, a sa kowane mai neman wannan kwas ya rubuta shafi ɗaya da hannunsa a kan wani lamari da ya shafi maƙwabtanmu, malamai su zauna su karanta, ko da zai ci mana mako guda. A ba da maki na musamman ga wanda ya ci Faransanci ko Larabci a WAEC ko NECO ko NBAIS, da wanda ya nuna a gaban kwamiti yana jin harshen da ake yi a tsallaken iyaka. Bayan an shiga kuma, kada a ba kowa digirin sai ya ci jarrabawar harshe na biyu, ta baki da ta rubutu, kamar yadda ba a yaye ɗalibin lauya bai ci dokar tsarin mulki ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar izinin Abuja ko sabon gini.

Shugaban taro, shugabannin sassan da abin ya shafa duk suna zaune a layin gaba. Ina roƙon su kai maganar nan gaban majalisar jami'a kafin a buɗe ɗaukar ɗalibai na baɗi.