Bel Ɗin Mota Ba Don 'Yan Rod Sefti Ba Ne



Yau maganar bel za mu yi.

Ku lura da motocin da ke tashi daga Daura zuwa Kano ta Kazaure, ko zuwa Katsina ta Mashi. Direba bai ɗaura ba. Sai ya hango jami'an kiyaye haɗurra, ya jawo bel ya rataya a kafaɗa. Da an wuce, ya sake shi. Tun shekarar 2003 aka tilasta ɗaura bel a Najeriya, amma har yau wasu direbobi jami'i suke tsoro, ba haɗari ba.

Malam direba, in mota ta tsaya kwatsam, jikinka ba ya tsayawa. Gaba zai yi, ya daki sitiyari ko gilashi. Bel ne zai riƙe ka. Na san wasu na gudun kada babbar riga ta yamutse. Guga na gyara riga, ƙashin ƙirji kuwa sai asibiti.

Sai kujera. Gyara ta kafin ka tada mota, kada ka gyara kana tafiya. Ƙafarka ta iya taka birki har ƙasa, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Kada ka kwantar da bayan kujera, don jiki na iya zamewa ta ƙarƙashin bel. Matashin kai ya daidaita da ƙeyarka. Bel ya bi ta kafaɗa, ba ta wuya ba, na ƙasa kuma ya zauna kan ƙugu.

Hajiya, kada ki rungumi yaro a kujerar gaba. Hannunki ba zai riƙe shi ba. A mai da shi baya.

Allah ya sauke mu lafiya. Sai wani jiƙon.