Dokokin Wutar Lantarki da Haƙƙin Mutanen Karkara

Wutar da mai injin niƙa a Ashige ta ƙasar Lafiya yake jira, doka ce ta tsara wanda zai kawo ta, da wanda za a kai wa kuka in ta ɗauke. Saboda haka ya kamata kowa ya san asalin dokar.

A shekarar 1896 aka fara kunna lantarki a Ikko. A 1929 kamfanin NESCO ya soma samar da wuta daga ruwan Kurra saboda ma'adinan kuza na Jos. A wancan zamani birane da ma'aikatu kaɗai ke morar ta. Sai a 1950 aka yi doka mai lamba 15 wadda ta kafa hukumar ECN. A 1962 aka kafa Hukumar Madatsun Ruwan Kwara, wadda ta kammala madatsar Kainji a 1968. Dokar Soja mai lamba 24 ta 1972 ta haɗe hukumomin biyu suka zama NEPA, al'amarin wuta duka ya koma hannu ɗaya.

Da nauyi ya yi wa NEPA yawa, dokar 2005 ta rarraba aikinta, ta kafa hukumar NERC mai sa ido, da hukumar kai wuta karkara. A 2013 aka miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa, Jihar Nasarawa ta faɗa rabon kamfanin AEDC. Dokar 2023 kuwa ta ba jihohi ikon shirya kasuwar wutarsu.

To, mene ne rabon talaka? Bisa ƙa'idar NERC, sayen taransifoma da turakun wuta nauyin kamfani ne, ba na mutanen gari ba. Wanda aka yi masa kuɗin wuta fiye da kima, ya fara kai ƙara ofishin kamfani a rubuce. In bai gamsu ba, ya ɗaukaka ta zuwa hukumar da ke sa ido. Amma dokar ta tanadi tara ko ɗauri ga mai satar wuta, da mai zagaye mita, da ɓarawon waya.

Ana roƙon masu unguwanni da malamai su bayyana wa jama'arsu wannan. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.